Wa Zai Auna Canjin Hali? Tarihin Ƙa'idojin Shirin Beauty and the Geek

A ranar 1 ga Yuni, 2005, tashar The WB ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai suna Beauty and the Geek. An tara 'yan mata 7 da samari 7 a wani katafaren gida a Los Angeles. 'Yan matan an zaɓo su ne saboda kyau da iya ado, samarin kuma saboda kaifin ƙwaƙwalwa da rashin iya shiga mutane. Aka haɗa su biyu-biyu, mace da namiji, aka ce duk tawagar da ta kai ƙarshe za ta raba dala 250,000. Masu shirin, ɗan wasan fim Ashton Kutcher da abokin aikinsa Jason Goldberg, sun dage cewa ba shirin neman aure suka kawo ba. Sun kira shi gwajin zamantakewa: a ga ko mutum biyu da duniya ta riga ta yanke wa hukunci za su iya gyara juna.

Kalmar farko a sunan shirin tana nufin kyakkyawa. Ta biyun ta fi wuyar kawowa cikin Hausa. A makarantunmu idan aka ce wane ƙwaro ne a lissafi, yabo ne tsantsa. Kalmar ta Turanci kuwa yabo ce da ba'a a haɗe: mai ilimi ne, amma bai san abin da zai sa a jikinsa ba, kuma idan mace ta yi masa sallama sai bakinsa ya sarƙe. A nan za mu kira shi ƙwaro, da fatan mai karatu zai riƙe wannan ɓangaren na ba'a a ransa.

Shirin ya yi zango 5 a Amurka cikin shekara 3, kuma daga zango na 3 ba a sake yin zangon da aka bar ƙa'idojinsa yadda suke ba. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun saba da wani abu: idan kana son sanin ainihin abin da wani tsari yake so, ka ajiye tallarsa gefe ka karanta ƙa'idojinsa. Talla tana faɗar abin da aka yi niyya, ƙa'ida kuwa ita ke yanke wanda zai samu da wanda zai rasa. Da wannan idon za mu bi tarihin shirin, domin kowane sauyi da aka yi masa ƙoƙari ne na amsa tambaya guda: da me ake gane mutum ya canja?

Kayan da aka gada

Kutcher da Goldberg ba su ƙirƙiri ƙwaro ba, ba su kuma ƙirƙiri kyakkyawa marar kan gado ba. Sun tarar da su ne a kasuwa. A farkon ƙarni na 20, kalmar da aka sa wa samarin nan suna ce ta mai wasan ban tsoro a bukukuwan yawo na Amurka, wanda ake biya kuɗi a kalla yana cizge kan kaza mai rai. Daga baya ta koma kan ɗalibin da ya nutse cikin littafi da na'ura. Fim ɗin Revenge of the Nerds na 1984 ya ƙara kafa hotonsa: tabarau mai kauri, wando a ɗage har ciki, da dariya mai ban haushi.

Ita ma kyakkyawa marar tunani tana da dogon tarihi a Hollywood. Marilyn Monroe ta taka irin wannan rawar a Gentlemen Prefer Blondes a 1953, aka kuma ci gaba da yi mata kallon haka har a rayuwarta ta zahiri. A 2003 talabijin ta sake raya hoton da shirin The Simple Life na Paris Hilton da Nicole Richie, da Newlyweds, inda mawaƙiya Jessica Simpson ta yi suna da tambayar ko abin da take ci daga gwangwani kifi ne ko kaza. Sannan a Janairun 2005, watanni kaɗan kafin a fara shirin da muke magana a kai, shugaban Jami'ar Harvard, Lawrence Summers, ya tayar da ƙura da ya kawo yiwuwar cewa bambancin halitta na daga cikin dalilan ƙarancin mata a ƙololuwar kimiyya.

Irin wannan hoto da ake liƙa wa jama'a baki ɗaya shi muke kira kuɗin goro. Ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ya yi bayaninsa tun 1922 a littafinsa Public Opinion: duniya ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, don haka muna ajiye hotuna a kai mu riƙa auna mutane da su kafin mu san su. Shirin ya yi alkawarin fasa waɗannan hotuna. Matsalarsa tun ranar farko ita ce da su aka gina shi. Idan 'yan matan ba su yi kama da marasa ilimi ba a makon farko, samarin kuma ba su yi kama da sakarkaru ba, babu tafiyar da za a nuna wa mai kallo.

Tsarin farko: jarrabawa

A zango na 1, wanda Brian McFayden ya gabatar, da na 2 na Janairun 2006, wanda Mike Richards ya karɓa ya ci gaba da riƙewa har ƙarshe, tsarin a miƙe yake. Kowane mako akwai gasa biyu. 'Yan matan za su fafata a abin da ake ganin na ƙwaƙwalwa ne ko na maza: tambayoyin 'yan firamare, sauya tayar mota, harhaɗa ƙaramin roka. Samarin za su fafata a abin da ake ganin na wayewa ne: rawa, tausa, zaɓar wa mace kaya, karɓo lambobin waya daga matan da ba su sani ba. Kafin kowace gasa, kowa zai zauna ya koyar da abokin tafiyarsa. Tawagogin da suka ci su ke zaɓar tawaga biyu da za a tura ɗakin sallama, inda ake yi musu tambayoyi a kan darasin makon. Wadda ta fi faɗuwa ta tattara kayanta.

Akwai hikima a nan da ya kamata a yaba. A 1954 masanin halayyar ɗan'adam Gordon Allport ya nuna a littafinsa The Nature of Prejudice cewa haɗa mutane wuri ɗaya kawai ba ya kashe ƙyama. Sai an cika sharuɗɗa: su kasance a matsayi ɗaya, su sami buri ɗaya, su dogara da juna wajen cim masa, kuma masu iko da wurin su goyi bayan haɗin. Tsarin farko ya kusa cika dukkansu. Kuɗin na mutum biyu ne. Idan yarinyar ta faɗi, saurayin ya tafi gida, haka ma idan shi ya faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙa'idar ta tilasta musu gane haka. Chuck Munyon, ɗalibin likitanci, da Caitilin Stoller ne suka ci zango na 1. Josh Herman da Cher Tenbush suka ci na 2.

Amma a lura da abin da ƙa'idar take aunawa. Ɗakin sallama hadda yake gwadawa. Wadda ta haddace sunayen sassan injin mota a daren jiya za ta tsira ko da har gobe tana raina abokin tafiyarta. Shirin yana tallar canjin hali, yana biyan ladan hadda. Masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya lura da irin wannan a 1975: da zarar an mai da ma'auni abin da ake tsere a kai, sai ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. A wurin aikinmu mun san wannan ciwon. Ka ce za ka biya mai rubuta manhaja gwargwadon yawan layukan da ya rubuta, za ka sami layuka burjik da manhaja marar amfani.

Akwai kuma layin da ake rubutawa a ƙasan allo duk lokacin da aka nuno mutum. Tyson Mao na zango na 2, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar duniya ta masu tseren warware wasan Rubik, da wannan wasan aka san shi a allo. Wani an rubuta masa cewa mace ɗaya ya taɓa sumbata. Matan kuma an rubuta musu irin su mai tallar giya ko mai rawa a filin ƙwallon kwando. Mutum mai iyaye da tarihi da buri, an ba shi gurbi ɗaya a fom, kuma masu shirin ne suka cike gurbin.

Sannan nauyin bai zo daidai ba. Canjin ƙwaro ana iya nuna shi cikin minti 5: aski, sabuwar riga, cire tabarau, ya sauko daga bene 'yan mata na ihu. Makon gyaran kamanni ya zama abin da masu kallo suka fi jira a kowane zango. Canjin kyakkyawa ba shi da hoto irin wannan. Ba yadda za a yi kamara ta nuna ranar da mace ta daina ɗaukar kanta a matsayin marar ƙwaƙwalwa. Saboda haka gazawar namiji sai ta fito a matsayin abin tausayi da ake iya gyarawa a shagon aski, gazawar mace kuma ta fito a matsayin abin dariya da ake maimaitawa a talla.

Zango na 3: ƙuri'ar abokan zama

A Satumbar 2006 aka haɗe The WB da UPN aka haifi tashar The CW, shirin ya koma can, zango na 3 ya fara a Janairun 2007. A nan aka yi sauyin da ya fi kowanne ma'ana. Maimakon gasa ta raba gardama a ƙarshe, sai aka dawo da waɗanda aka sallama aka ce su zaɓi tawagar da ta fi canjawa. Wannan amincewa ce a fakaice cewa jarrabawa ba ta auna abin da ake nema. Wanda ya kwana gida ɗaya da kai, ya ga yadda kake magana idan ranka ya ɓaci, ya fi takardar tambaya sanin ko ka sauya.

Tawagogin da suka kai ƙarshe su ne Alan Zackheim, wanda ake kira Scooter, da Megan Hauserman a gefe guda, sai Nate Dern da Cecille Gahr a ɗaya gefen. Nate ɗalibin Harvard ne, mai waƙa a wata ƙungiya da ke rera waƙoƙi a kan finafinan Star Wars, kuma mutanen gidan suna son sa. Tawagarsa ta yi ƙarfi a gasa. Sai dai abokiyar tafiyarsa, kamar yadda aka nuna ta a shirin, ba ta ga wani abin da take bukatar koya daga samarin ba. Abin da Nate ya yi shi ya sa har yau ake tuna zangon: ya roƙi masu zaɓen kada su zaɓi tawagarsa, domin ba wa Cecille kuɗin zai tabbatar mata cewa halinta daidai ne. Scooter da Megan suka ci. Nate ya bar rabonsa na dala 125,000 da zai iya samu.

Abin lura shi ne a tsohon tsari wannan ba zai yiwu ba sai dai ya faɗi jarrabawa da gangan a ɓoye. Sabuwar ƙa'idar ce ta buɗe masa ƙofar yin abin a fili, ya kuma faɗi dalilinsa. Wani ɗan takara ya ɗauki alkawarin shirin da muhimmanci har ya sa kuɗi a ƙasa da shi. Amma ƙa'idar ta tona wani rami. An ɗaure mutum biyu da igiya ɗaya, ana hukunta su tare, alhali canjin hali na mutum ɗaya ne. Wanda ake ganin ya fi kowa cancanta ya tashi a tutar babu saboda halin wata. Kuma ya kamata mu tuna cewa Cecille da muka gani ita ce wadda masu tace hoto suka zaɓa daga awoyi masu yawa suka matse cikin minti 40 da 'yan kai a mako. Kowane labari yana son mugu, kuma mai almakashi ne ke naɗa shi.

Zango na 4: an juya tawaga ɗaya

Sukar da ta fi bin shirin tun farko ita ce: me ya sa kyau na mata ne kullum, ƙwaƙwalwa kuma ta maza? A zango na 4, wanda ya fara a Satumbar 2007, aka ba da amsa. Cikin tawagogi 10 aka sa guda ɗaya a juye: Sam Horrigan a matsayin kyakkyawan namiji, Nicole Morgan, ɗalibar nazarin kiɗa a matakin digiri na gaba, a matsayin ƙwaro mace.

Ɗaya cikin 10 gyara ne irin wanda muke kira faci a aikinmu: an toshe inda ake ƙorafi, ginin yana nan yadda yake. Tawagar da aka juya ta zama abin mamaki da ake nunawa, wanda hakan ya ƙara tabbatar da cewa sauran 9 su ne daidai. Ga shi kuma tarihi bai goyi bayan wannan lissafin ba. Mata 6 ne suka fara tsara wa na'urar ENIAC aiki a tsakiyar shekarun 1940. Grace Hopper na cikin waɗanda suka share hanyar harsunan kwamfuta da ake rubutawa da kalmomi. A 1984 mata ne suka karɓi kusan kashi 37 cikin 100 na digirin kimiyyar kwamfuta a Amurka, kafin adadin ya faɗo ƙasa da kashi 20 a shekarun da ake nuna shirin. Hedy Lamarr, wadda Hollywood ta tallata a matsayin ɗaya daga cikin matan da suka fi kyau a duniya, ta sami rajistar ƙirƙira a 1942 tare da George Antheil a kan hanyar sadarwa mai tsalle daga wannan zangon rediyo zuwa wancan don kada abokan gaba su toshe ta. Da ta zo neman shiga gidan, da fom ɗin ya rasa inda zai ajiye ta, domin gurbi biyu ne kawai kuma ba a yarda mutum ya cike duka ba.

Juyin ya kuma fito da wani abu da masu shirin ba lallai sun yi niyya ba. An tsara gasar kyawawa ne bisa zaton cewa mai yin ta ba ta da ƙarfin gwiwa a gaban abin da aka ce na maza ne. Sam bai shigo da wannan nauyin ba, ya yi ta cin gasa, tawagarsa ta kai ƙarshe. Binciken Claude Steele da Joshua Aronson na 1995, da wanda Steven Spencer da Steele da Diane Quinn suka yi a 1999 a kan mata da lissafi, ya nuna cewa tuna wa mutum kuɗin goron da ake yi wa irinsa dab da jarrabawa na iya rage masa ƙoƙari. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman tasirin, amma shirin ya kasance yana yin wannan tunatarwar kowane mako, a gaban kamara. Bugu da ƙari, Sam ɗan wasan fim ne tun yana yaro, ya fito a Little Giants na 1994, abin da ya sa masu kallo suka fara tambayar nawa ne gwaji nawa ne wasan kwaikwayo a gidan.

A wannan zangon an sake sauya alƙali. Aka karɓe ƙuri'a daga abokan zama aka miƙa wa masu kallo. David Olsen da Jasmine Moore suka doke Sam da Nicole. Mai kallo bai kwana a gidan ba. Abin da aka tace aka ba shi kaɗai ya sani. Don haka ma'aunin ya tashi daga wanda ya fi canjawa ya koma wanda aka fi iya ba da labarin canjinsa.

Zango na 5: an raba gida biyu

A Maris na 2008, jim kaɗan bayan yajin aikin marubutan Hollywood da ya sa tashoshi suka ƙara jingina da shirye-shiryen da ba sa bukatar rubutaccen labari, zango na 5 ya zo da sauyin da ya taɓa gindin shirin. Ba a haɗa kowa da kowa ba a farko. Kyawawa suka zama runduna guda, ƙwari suka zama runduna guda, aka ce su kara da juna.

Wanda ya san gwajin da Muzafer Sherif da abokan aikinsa suka yi a 1954 a dajin Robbers Cave na jihar Oklahoma zai iya faɗin abin da irin wannan tsarin ke haifarwa. Sun kai yara maza 22 sansani, suka raba su gida biyu, suka sa musu gasa mai kyauta. Cikin kwanaki kaɗan zagi da ƙona tuta da kai hari ɗakin kwana suka fara. Zama tare a wurin cin abinci bai gyara komai ba. Abin da ya gyara shi ne matsalar da ba mai iya warware ta shi kaɗai, kamar gyaran hanyar ruwan sansanin da jan motar abinci da ta ƙi tashi. Zango na 1 ya fara ne daga rabin gwajin Sherif na biyu, wato aiki tare. Zango na 5 ya koma rabin farko. Yarinyar da a da take bukatar ƙwaro ya iya rawa don ta tsira, yanzu faɗuwarsa ce ribarta, kuma babu dalilin da zai sa wani ya zauna ya koyar da wani.

Bayan 'yan makonni aka koma haɗa su biyu-biyu, wanda ya nuna su kansu masu shirin sun san inda ransa yake. Tommy Severo da Amanda Corey suka ci. Daga wannan zangon tashar ta ajiye shirin, ba a sake yin sa a Amurka ba.

Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin shirin

Ba ƙa'idoji kaɗai suka tsufa ba. Ɗaya daga cikin hotunan biyu da aka gina shirin a kai ya sauya daraja. Google ya shiga kasuwar hannun jari a 2004, shekarar da aka buɗe Facebook a ɗakin kwanan ɗalibai a Harvard. An fito da iPhone a 2007. A watan da zango na 4 ya fara, tashar CBS ta fara The Big Bang Theory, wasan barkwanci a kan masana kimiyya da kyakkyawar maƙwabciyarsu, wanda ya yi shekara 12 ana nuna shi, ya kuma shiga cikin waɗanda aka fi kallo. Zuwa 2010, da fim ɗin The Social Network ya fito, ƙwaro ya zama mai kuɗin unguwa. Kalmar da a da zagi ce ta koma abin da mutane ke rubutawa da kansu a shafukansu. Hoton kyakkyawa marar tunani bai sami irin wannan ƙarin girma ba. Abin da ya sauya game da shi shi ne mutane sun fara jin kunyar yi masa dariya a fili.

A Ostireliya aka ga yadda shirin ya bi wannan sauyin. Tashar Seven ta yi nata daga 2009 zuwa 2014, Bernard Curry ya fara gabatarwa, James Tobin ya ƙarasa, kyautar kuma dalar Ostireliya 100,000. A 2021 tashar Nine ta farfaɗo da shi da Sophie Monk, wadda ita kanta ta sha taka rawar kyakkyawa marar kan gado a finafinai. Sabon tsarin ya rage dogaro da tona jahilcin mata, ya ba soyayya da abota wuri a fili, abin da masu shirin na 2005 suka yi ta nesanta kansu da shi. Makon gyaran kamanni kuwa ba a cire shi ba, ya ma ƙara zama zuciyar shirin. A Birtaniya ma, inda tashar E4 ta gwada shi a 2006, an dawo da shi a 2022 a Discovery+ da Mollie King da Matt Edmondson.

Sabon salon ya fi tausayi, kuma wannan ci gaba ne. Amma a duba wanda ake gyarawa. Idan aka daina gwada ilimin matan, aka bar aski da sabuwar riga, labarin ya zama na namiji mai kunya da ya sami ƙarfin gwiwa, mace kuma ta zama mai jinyarsa. An cire cin fuska, tare da shi an rage rabin alkawarin farko, wato kowa yana da abin koya daga ɗan'uwansa.

Abin da ya shafe mu

Cikin shekara 3 shirin ya gwada alƙalai 3 a Amurka: takardar tambaya, abokan zama, da masu kallo. Na farko ya auna hadda, na uku ya auna farin jini. Na biyu ne ya fi kusa da gaskiya, kuma shi ne ya ba da sakamakon da ba wanda ya tsara, inda mutum ya ƙi kuɗi don kare manufar. Aka yi amfani da shi a zango na 3, zango na gaba aka sauya shi da ƙuri'ar gida.

Wannan tarihin ya shafe mu ne saboda aikin da furodusoshin nan suka yi da hannu, yanzu manhaja ke yin sa a wayar kowa. Mu ke tsara fom ɗin da ke ba mutum gurbi ɗaya. Mu ke rubuta ƙa'idar da ke yanke wane bidiyo zai hau sama, kuma yawanci abin da muke ƙirgawa shi ne dannawa da tsawon kallo, domin su ne masu saukin ƙirgawa. Bidiyon da ya nuna wata ƙabila ko wani jinsi daidai da hoton da ke kan mai kallo yana saurin samun dannawa, sai na'ura ta koyi kawo irinsa. Ba sai wani ya yi mugun nufi ba. Ya isa a ce an zaɓi ma'auni mai sauƙi an bar mai wuya.

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Shirin ya ci kuɗinsa ne a kan musanta wannan, kuma a wasu lokuta ya yi gaskiya: an ga mutanen da suka shiga gidan suna raina juna suka fita suna kuka don rabuwa. Inda hakan ta faru, ƙa'ida ɗaya ce a ƙarƙashi, wadda ta sa nasarar kowa ta rataya a wuyan wanda ya raina. Duk mai tsara wani abu da zai haɗa mutane, aji ne ko ofis ko manhaja, yana da wannan zaɓin a hannunsa, kuma zangon 2008 ya nuna cewa sauya layi ɗaya a ƙa'ida ya isa ya mai da abokan karatu abokan gaba.